Hular Jariri da Masu Gudun Asuba

Kai mai karatu, in kana zaune a Kaduna ta kudancin kogi, ko Kakuri, ko Makera, ko Barnawa, ko Nasarawa, ko can Sabon Tasha, ba shakka ka taɓa fita da asuba cikin hunturu ka ga mutane suna gudu a gefen titi. Ba wanda ya koro su, ba su kuwa bin kowa. Waɗansu soja ne, waɗansu 'yan ƙwallo, waɗansu kuwa magidanta ne da likita ya ce su rage teɓa. Watakila kai ma kana cikinsu. To, in kana cikinsu, akwai wani abu da jikinka ya riga ya sani, shi ne muke so mu fassara maka a nan, gama rayukan jarirai da yawa sun dogara gare shi.

Ka tuna ran da ka yi gudu har ka yi sharkaf da gumi, sa'an nan ka tsaya bisa gadar nan ta kusa da filin wasa na Ahmadu Bello don ka huta. Sa'ad da kake gudu ba ka ji sanyi ba. Amma da tsayawarka, kafin minti biyar, iskar kogi ta buge ka, sai ka ji kamar an kwara maka ruwan randa, haƙora suna haɗuwa. Me ya kawo wannan? Ba iska kaɗai ba ce, gama ga wani yana wucewa kusa da kai da busasshiyar riga, bai ji abin da ka ji ba. Jiƙar ce. Ruwa in zai bushe daga jiki, sai ya tafi da zafin jikin. Shi ne dalilin da ya sa ruwan tulu ya fi na bokiti sanyi. Tulu yana tsatsafo, abin da ya tsatso ya bushe, ya kwashe zafin ruwan ya tafi da shi.

To, haka kowane jariri yake zuwa duniya, tsirara, a jiƙe tun daga kai har ƙafa. Wata tara ke nan yana cikin ɗumi wanda ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Rana ɗaya ya fito cikin iska. Kai da ka ji sanyi bisa gada kana da riga a jaka, kana da ƙafar komawa gida, kana da bakin cewa a kawo maka shayi. Shi ba shi da ko ɗaya.

Abin da ya sa jariri ba ya jure sanyi

Mutane sukan ce, ina sanyi a ƙasarmu, mu da rana ke gasawa? Wannan magana ta babban mutum ce. Likitoci suna auna zafin jiki da wani awo da ake kira digiri. Zafin jikin jariri mai lafiya yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5. In ya sauka ƙasa da 36.5, sanyi ya fara kama shi. In ya sauka ƙasa da 36, abin ya zama ciwo. In kuwa ya yi ƙasa da 32, rai na cikin hatsari ƙwarai.

A shekarar 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga wani littafi a kan kiyaye ɗumin jarirai. A ciki ta nuna cewa jaririn da aka bari tsirara a ɗaki mai digiri 23 yana zubar da zafin jikinsa daidai da babban mutum da aka tuɓe aka tsayar inda ruwa ke daskarewa. Digiri 23 kuwa shi ne irin ɗakin da kai za ka shiga ka ce madalla da wannan iska. Ta kuma nuna cewa in ba a goge jariri an rufe shi ba, zafin jikinsa yakan faɗi da digiri 2 har zuwa 4 cikin minti 10 ko 20 na farko. Yanzu ka dubi Kaduna. A watan Disamba da Janairu, in jaura ta sauko, wani dare awo yakan yi ƙasa da digiri 15. Ga ɗakin kwano, ga daɓen siminti, ga taga da ta fashe an toshe ta da kwali. Haihuwa kuwa ba ta zaɓen lokaci, sau da yawa da tsakar dare take zuwa.

Zafi yana fita daga jikin jariri ta hanya huɗu. Ta farko ka riga ka san ta, watau bushewar ruwa. Ta biyu ita ce taɓa abu mai sanyi. Ka zauna bisa siminti da sassafe ka ji yadda yake tsotse ɗumin jikinka, to haka tabarma da leda da farantin awo suke yi wa jariri. Ta uku iska ce mai wucewa, ko ta ƙofa, ko ta taga, ko ta fanka. Ta huɗu ta fi wuyar ganewa. Ka san yadda kake jin zafin wuta daga nesa ba tare da ka taɓa ta ba. Jikin jariri ma haka yake aika zafinsa zuwa ga bango mai sanyi, ko da bai taɓa bangon ba.

Kai in sanyi ya kama ka sai ka yi makyarkyata, wannan rawar jiki kuwa ita ke hura maka wuta a ciki. Jariri bai iya wannan sosai ba tukuna. Abin da yake da shi wani irin kitse ne mai duhu-duhu, a tsakanin kafaɗu da wuya da kewayen ƙoda, shi yake ƙonawa ya sami ɗumi. Guzuri ne kaɗan. In yana ƙona shi, yana cinye sukarin da ke cikin jininsa, yana kuma bukatar numfashi fiye da kullum. In sukari ya ragu sai jiki ya mutu, ya kasa kama nono. In bai sha ba, ba abin ƙonawa, sanyi ya ƙaru. Mutanen gida kuwa suna ta yabonsa, suna cewa yaron nan ba shi da rigima, sai barci.

Wanda abin ya fi yi wa tsanani shi ne bakwaini, watau wanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 37, da kuma wanda nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba. Irin waɗannan fatarsu ba kauri, kitsensu kaɗan ne. A binciken lafiya da aka yi a Nijeriya a 2018 an sami cewa cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 ba su cika wata guda ba. Ba sanyi kaɗai ke kashe su ba. Akwai haihuwa kafin lokaci, da wuyar numfashi wajen fitowa, da ƙwayoyin cuta. Amma sanyi abokin tafiyarsu ne duka, duk wadda ta kama yaro shi yake ƙara mata ƙarfi.

Don me kai?

Ka dubi jariri da kyau in an kawo maka shi. Kansa babba ne bisa ga jikinsa. Kai babban mutum, in an raba tsawonka kashi takwas, kanka kashi ɗaya ne. Jariri kuwa in an raba tsawonsa huɗu, kansa ya cinye kashi ɗaya. Jini yana gudu da yawa a can, gashi kuwa jiƙe yake, ba ya saurin bushewa. Littafin nan na 1997 ya ce wajen kashi ɗaya cikin huɗu na zafin da jariri ke zubarwa yana iya fita ta kai in an bar shi a buɗe. Ga shi kuwa in an naɗe yaro cikin zane, kan ne kullum ke leƙowa waje. Ka ƙara da al'adarmu ta askin suna. Ran bakwai wanzami ya zo ya kwashe ɗan gashin da ke akwai. In suna ya faɗo cikin hunturu, daren nan yaro yana bukatar hula fiye da daren jiya.

Amma kada mu sayar maka da hula bisa kuɗin da ya fi nata. A 2018 waɗansu likitoci suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a asibitoci uku, a Habasha da Mozambik da Uganda. Suka ɗauki ƙananan jarirai da ake goyo a ƙirjin uwayensu, waɗansu aka sa musu hular ulu, waɗansu ba a sa ba. Da aka auna, ba a ga wani bambanci na kirki tsakaninsu ba. Wannan ba ya nufin hula banza ce. Abin da ya nuna shi ne, akwai abin da ya fi hula, shi ne jikin uwa.

Ga labarin yadda aka gane haka. A 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, wani likita mai suna Edgar Rey ya rasa yadda zai yi da bakwaini. Kwalaben ɗumi da ake sa su ciki ba su isa ba, har akan haɗa jarirai biyu ko uku cikin ɗaya, cuta tana bi daga wannan zuwa wancan. Sai ya ce a ba uwaye 'ya'yansu. A tuɓe yaro, a bar masa ƙyalle da hula, a kwantar da shi tsaye tsakanin nonon uwa, fata da fata, a ɗaure da zane, a rufe su tare. Aka sa wa dabarar sunan kangaru, wata dabbar Ostareliya da ke renon ɗanta cikin jaka a cikinta. Mu da muka san goyo tun kaka da kakanni ba mu bukatar dabba ta koya mana. Bambancin kawai shi ne, wannan goyon a gaba ake yinsa, ba riga tsakani.

A 2021 aka buga wani babban gwaji da aka yi a ƙasashe biyar, Gana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Nijeriya, namu a asibitin koyarwa na Ile-Ife. Jariran da aka gwada nauyinsu daga kilo 1 ne zuwa ƙasa da 1.8. Waɗanda aka fara wa goyon ƙirji nan take, ba a jira sun yi ƙarfi cikin kwalba ba, mutuwarsu ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa farawa tun daga haihuwa, a yi awa 8 zuwa 24 kowace rana.

Awa ashirin da huɗu! Wace mai jego za ta iya wannan ita kaɗai? Za ta yi wanka, za ta ci abinci, za ta kewaya. Nan ne aikinka ya zo, gama ƙirjin uba ma yana da ɗumi, likitoci kuma sun yarda da shi. Ka tuɓe riga, ka zauna ka jingina, a ɗora maka yaro a ɗaure. Na san za ka ce da kunya, musamman ɗan fari. Ka rufe ƙofa. Hula kuwa amfaninta ya fi fitowa a tsakankanin nan, sa'ad da ake ɗauke yaro daga wannan ƙirji zuwa wancan, da sa'ad da ake awo, da sa'ad da aka hau Keke Napep da shi za a koma gida iska tana kaɗawa, da awoyin farko bayan haihuwa.

Sauran abubuwa gajeru ne. A goge yaro nan da nan da busasshen zane, a jefar da jiƙaƙƙen gefe, a rufe shi da wani. A sa shi ga nono cikin awa ta farko, kada a zubar da dakashi. Wanka kuwa a jinkirta shi har kwana ɗaya, in ba zai yiwu ba a bari aƙalla awa 6. Tsofaffi sukan ce in ba a wanke yaro nan take ba zai tashi da ƙarni. Kada ka yi musu da surukarka a tsakar gida. Ka samu ungozoma ko malamar asibiti tun ciki bai tsufa ba, ita ta faɗa mata, ta fi ka sanin yadda za ta faɗa.

Inda masu gudu suka shigo

Za ka ce, to me ya haɗa wannan da gudu? A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe da ɗaura gudu da taimako. Akwai tsere mai nisa da ake kira maraton, kilomita 42 da 'yan kai. Na birnin Landan an fara shi a 1981. Mai gudu yakan bi 'yan'uwa da abokai ya ce, zan yi wannan wahala saboda marasa lafiya kaza, me za ku bayar? Ya zuwa 2019 kuɗin da aka tara ta wannan tsere ɗaya sun wuce fam miliyan dubu.

A can kuma akwai masu saƙa don kyauta. A 2006 ƙungiyar Save the Children ta roƙi mutanen Amurka su saƙa hulunan jarirai, aka tara dubun dubata aka aika ƙasashen Afirka da Asiya. A Fabrairun 2014 ƙungiyar masu yaƙi da ciwon zuciya ta Amurka ta fara wani shiri a birnin Shikago, aka riƙa saƙa jajayen huluna ana sa wa jariran da aka haifa a wannan wata, don a tuna wa mutane cewa akwai yaran da ake haifa da ciwon zuciya.

Har an sami waɗanda suka haɗa biyun a lokaci guda. Wata Baturiyar Ingila, Susie Hewer, mahaifiyarta ta rasu da ciwon mantuwa na tsufa, sai ta riƙa shiga tseren Landan tana gudu tana saƙa mayafin wuya, don ta tara wa masu binciken wannan ciwo kuɗi. A Oktoban 2013 wani Ba'amurke, David Babcock, ya yi maraton na birnin Kansas yana saƙa, ya isa ƙarshe cikin ƙasa da awa shida, da mayafi mai tsawon ƙafa 12 da ɗoriya. Mun kawo maka wannan don ka yi mamaki ne, ba don ka kwaikwaya ba. Wanda ya hau titin Kachia da asuba yana gudu da tsinke biyu a hannu, tsakanin tirela da 'yan acaɓa, shi za a kai asibiti, ba hula ba.

Abin koyi a wurinsu daban ne. Masu gudu jama'a ce da ta riga ta haɗu. Sun san juna, suna da ranar fita da wurin taruwa, sun saba da yin abu kaɗan-kaɗan kullum har ya taru. Ba mai yin kilomita ashirin ran da ya fara. Kaduna ma ta ga irin wannan taro, gama ran 21 ga Nuwamba 2020 aka yi babban tsere a cikin gari, mai nisan kilomita 21, da waɗansu gajeru don sauran jama'a. Bayan gudun ran Asabar kuwa, ai ba a watsewa nan da nan. Akan zauna wajen mai shayi, ko gindin mangwaro, a yi awa guda ana gardamar ƙwallo da siyasa. Baki ne ke aiki a wannan awa, hannu yana zaune. Mutum goma in kowa ya gama hula ɗaya a mako, cikin wata uku sun tara 120.

Ko saƙa aikin mata ne?

Na san abin da ke ranka. Za ka ce namiji da gemu ya zauna da kwarashi da ulu, ai sai a yi masa dariya. To, bari mu duba. Wa ke zama a masaƙa yana jefa ƙoshiya tun zamanin kakanni? Maza. Wa ke cikin marinar Ƙofar Mata a Kano? Maza. Wa ke zama a zaure cikin birnin Zariya da allura, yana aikin babbar riga ko ɗinkin hula, yana hira idonsa bisa zare? Hular da ke kanka ma, in ka bi sawunta, watakila hannun namiji za ka tarar.

Balle kai mutumin Kakuri. A 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a nan, tare da wani kamfanin Ingila. Daga baya Nortex da United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo. Audugar Funtuwa da ƙasar Zazzau tana shigowa, yadi yana fita. Maza dubbai daga kowane sashe na ƙasar nan suka zo suka zauna a unguwannin nan saboda zare, da shi suka yi aure, da shi suka sa 'ya'ya makaranta. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, waɗansu suka bi bayanta, amma har yau akwai dattawa a nan da za su murza zare tsakanin yatsa biyu su gaya maka ko na kirki ne. In kana neman mai zaɓa maka ulu, ga su nan kusa.

A waɗansu ƙasashe ma haka ne. A Ingila ta dā saƙar hula sana'ar maza ce mai ƙungiya da shugabanni. Da cinikinsu ya ja baya, a 1571 aka yi doka cewa talaka namiji da ya wuce shekara 6 sai ya sa hular ulu saƙar ƙasar ran Lahadi da ranakun idi, in ya ƙi tarar sule uku da kwabo huɗu. A wani tsibiri kuma mai suna Takile, cikin tafkin Titikaka a ƙasar Peru, maza ne ke saƙa huluna, tun suna yara ake koya musu.

Yadda ake yin ta

Kayan aiki kaɗan ne: ƙullin ulu ɗaya mai laushi, da kwarashi, da almakashi, da allura mai babban ƙafa, da tef irin na tela. Yawancin abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan ulu ba gashin tunkiya ba ne, zaren inji ne. Ba laifi, yana wankuwa, ba ya tsukewa. Ka goga shi a wuyanka ko a bayan hannunka. In ka ji yana susa, bar shi, fatar jariri ta fi taka taushi nesa. Kada ka sayi mai gashi-gashi da ke zuba, kada ya shiga hanci.

Sai awo. Kewayen kan jaririn da ya cika watanninsa wajen santimita 33 ne zuwa 35, watau inci 13 zuwa 14 a ɗaya gefen tef. Na bakwaini yakan kama daga 26 zuwa 30, akwai ma wanda bai kai haka ba. In ba ka taɓa ganin irinsu ba, ɗauki babban lemon zaƙi ka riƙe a tafin hannu, ka ga kan ɗan mutum ke nan.

Da kwarashi daga tsakiyar kai ake farawa. Ka yi sarƙa huɗu ka haɗa bakinta ta zama zobe. Ka yi saƙa 12 cikin zoben, ka rufe kewaye. Kewaye na biyu ka sa biyu cikin kowace ɗaya, sun zama 24. Na uku ka ƙara 12, sun zama 36. Haka za ka yi ta ƙara 12 kowane kewaye, abin yana buɗewa kamar faifai. Ka riƙa aunawa. In faɗin faifan ya kai santimita 10, ko 8 in na bakwaini ne, sai ka daina ƙari. Daga nan kowane kewaye yawansa ɗaya da na bayansa, za ka ga faifai ya fara lanƙwasa ya zama ƙoƙo. Ka ci gaba har tsawo daga tsakiya zuwa baki ya kai santimita 13, na bakwaini 10. Ka yanke zare, ka ɗaure, ka bi da allura ka ɓoye jelar cikin saƙa.

In da tsinke biyu kake so, ya fi sauƙin ganewa. Ka saƙa ƙyalle mai kusurwa huɗu, faɗinsa ya gaza kewayen kai kaɗan domin saƙa tana miƙewa, ka haɗa gefe da gefe ka ɗinke, ka zura zare a bakin sama ka ja ya tsuke kamar bakin jaka.

Karatu kaɗai ba zai sa hannunka ya iya ba. Ka nemi wadda ta iya, matarka, ko ƙanwarka, ko gwaggonka, ka ce ta nuna maka yadda ake riƙe zare. Za ta yi dariya, ka bar ta ta yi. Hularka ta fari za ta fito a karkace, wani gefe a tsuke wani a sake. Ka warware ta ka sake. Ta uku za ka iya nuna wa mutane. In hannu ya faɗa, awa biyu ta isa hula guda.

Akwai abin da ba a sa wa hular jariri, kome kyaunsa. Ba igiyar ɗaurewa a haɓa, gama tana iya shaƙe shi. Ba maɓalli, ba dutsen ado, ba tuntu a sama. Kada saƙa ta yi manyan ramuka da yatsa zai maƙale. Kada baki ya matse har ya bar shaida a goshi, kada kuma ya yi faɗi har hula ta zamo ta rufe hanci. In ka gama ka wanke da sabulu mara ƙamshi, ka shanya a rana ta bushe sarai, ka sa cikin leda mai tsabta. Kada ka turara ta, kada kuma ka sha taba kusa da ita.

Ka kuma sani zafi ma yana cutar jariri. A watan Maris da Afrilu, sa'ad da kwano ke ƙara don rana, yaro mai lafiya da ya cika watanninsa ba ya bukatar hular ulu cikin ɗaki, balle yana barci. Ka taɓa bayan wuyansa, in ka ji gumi a rage masa kaya. Sanyi kuwa da bayan hannu ake gane shi. Ka taɓa tafin ƙafa, ka taɓa ciki. In ƙafa da sanyi ciki da ɗumi, a sa shi a ƙirji, a rufe kai, a ba shi nono. In ciki ma ya yi sanyi, ko ya ƙi tsotso, ko kukansa ya yi rauni, sai asibiti nan take, yana ƙirji ana tafiya. Kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa don a ɗumama shi. Hayaƙin gawayi wanda ido ba ya gani yana kashe uwa da ɗa cikin barci.

Kai wa masu bukata

Kafin ku sayi ulu da yawa, ɗayanku ya je ya yi tambaya. A wannan gefen kogi akwai asibitin St. Gerard a Kakuri, da babban asibitin Gwamna Awan, da ƙananan asibitocin unguwa inda ake awon ciki da karɓar haihuwa. A ƙetare akwai asibitin koyarwa na Barau Dikko. Ka nemi babbar malamar ɗakin haihuwa, ka gaishe ta, ka nuna mata guda biyu ko uku, ka tambaye ta ko suna karɓa, da wane girma suka fi bukata. Kowane asibiti da ƙa'idarsa. Abin da ta ce shi za ku bi. In ta ce safar ƙafa ta fi hula ƙaranci a wurinsu, ko zanen ɗaure yaro a ƙirji, sai ku juya can. Kada ku nemi shiga ɗakin jarirai, kada ku ce sai an ɗauke ku hoto da 'ya'yan mutane. Ku ba ta a ƙofa, ku rubuta girman kowace bisa ledarta, don kada ta tsaya kwancewa da tsakar dare.

Ƙanana ku fi yawaitawa. Mai ciki takan sayi kayan haihuwa tun da wuri, amma na cikakken yaro take saye, ba wadda ke shirin bakwaini. In ya zo, hular da aka tanada sai ta haɗiye masa fuska, a kasuwa kuwa da wuya a sami daidai kansa. Hular da aka sa wa yaro da ita zai tafi gida, ba a cirewa a sa wa wani, saboda haka abin da kuka kai wannan wata ba zai kai wata mai zuwa ba. Ku fara tun ruwa bai ɗauke ba, cikin Satumba, domin kashin farko ya isa hannun malama kafin tsakiyar Nuwamba, sa'ad da iska ke juyawa. Kashi na biyu kuwa ku kai shi farkon Janairu.